Buhu 30, Mutum 58, Ga Kuma Kawu

Ɗan Fadama:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Yau ni ne da tambaya, kuma don Allah kada a mai da abin raha, kwana biyu ke nan ban yi barcin kirki ba.

Wata uku da suka wuce manoman fadamarmu, nan bayan Argungu, suka ɗora mini shugabancin ƙungiya. Ban nema ba. Cewa aka yi ni ne ɗan boko, na iya cika takarda, na iya latsa waya, shi ke nan sai aka ce kai ne. Mu 58 ne. Kowa ya zuba kuɗi daidai da na ɗan'uwansa, a kan za a ba mu takin rangwame buhu ɗai-ɗai na noman rani. Shekaranjiya na je ɗauko kaya, buhu 30 aka ba ni. Yanzu haka suna kulle a shagon maƙwabcina, makulli yana aljihuna, shinkafa kuwa ta fara rawaya, taki take nema yau ba gobe ba. Tun ambaliyar 2020 da ta cinye mana na damina, yawancinmu da ranin nan muka dogara.

Jiya bayan Magariba kawuna, yayan mahaifiyata, ya aiko a kira ni. Shi ya biya mini kuɗin makaranta tun daga sakandare har na gama, shi ne kuma ya miƙe a taro ya ce a ba ni shugabancin. Ya sa aka kawo mini fura, muka gaisa, sai ya ce, "Ɗana, gonata ta fi ta kowa girma a fadamar nan, ka sani. Buhu biyu za ka ajiye mini." Ba roƙo ya yi ba, faɗa ya yi, kamar yadda zai ce in miƙo masa buta. Na ce Allah ya kai mu, Kawu. Ban ce e ba, ban ce a'a ba.

Ku da kullum kuke caccakar shugabanni a zauren nan, ga 'yar ƙaramar kujera ta faɗo kaina. Yaya zan yi?

Bakabe:
Kai dai ka cika son wahala. Ba Kawu biyu nai, ka raba saura, wa za ya sani? Mutumin da ya yi maka karatu shi za ka hana ma buhu biyu? Waɗanga mutane 57 da kake jin kunya, ran da anka kwantar da kai asibiti, nawa cikinsu za su zo da kwanon abinci? Kawu shi za ya zo. Naka sai naka.

Uwar Adashi:
Bakabe, wa za ya sani fa ka ce? Yaron da zai ɗora buhunan a amalanke ya sani, mai shagon ya sani, matar Kawu za ta sani, kafin Azahar duk fadama ta sani.

Ƙanena, bari in ba ka nawa. Shekara 11 ina riƙe da adashin mata a Jega. Abu biyu suka sa har yau ba a watse ba. Na farko, kwasata ita ce ta ƙarshe, kowane zagaye, ban taɓa canzawa ba ko da bikin 'yata ne ya taso. Na biyu, ba na ƙirga kuɗi a ɗaka. A tsakar gida nake shimfiɗa tabarma in zube su, wadda ta zo zubi ta gani da idonta. Kuɗin da aka ƙirga a ɗaka, ko bai ragu ba a bakin mutane ya ragu.

Akwai shekarar da ƙanwar maigidana ta zo tana kuka a ba ta kwasa ba layinta ba, wai za ta yi wa yarinya kayan ɗaki. Ban hana ta ba, ban kuma ba ta ba. Na ce ta zo ranar zubi ta faɗa da bakinta a gaban mata. Ta zo, wadda ke da layin ta ce ta yarda su yi musanya. Da ni na yanke a ɓoye, da yau ba ni da adashi. Sai dai gaskiya, wata biyu ta yi tana cin magani idan ta gan ni, ta ce na tona mata asiri.

Bakabe:
To ai ga shi nan Hajiya, da bakinki kin ce ta yi fushi.

Uwar Adashi:
Ta yi, ta huce. Babba juji ne, wanda bai shirya a zuba masa shara ba kada ya karɓi girma.

Malamin Gona:
Ni ina so a duba maganar Kawu da kyau kafin a yanke masa hukunci. Ba ƙarya ya yi ba. Mai gona babba ya fi mai ƙaramar gona buƙatar taki, wannan ko yaro ya sani. Idan ka ba mai fangali goma rabin buhu, ka ba mai fangali ɗari rabin buhu, ka daidaita amma ba lallai ka yi adalci ba. Daidai da adalci ba kullum suke kwana ɗaki ɗaya ba. Tambayar ita ce, a kan me aka tara kuɗin? Kan girman gona ko kan kai?

Ɗan Fadama:
Kan kai ne, Malam. Kowa abu ɗaya ya biya. Kawu bai ƙara ko sisi ba.

Malamin Gona:
To magana ta ƙare ta wannan gefen. Buhun taki kilo 50 ne. Ka aro sikeli wurin masu sayen shinkafa, kowa kilo 25, buhu 29 sun tashi, saura ɗaya. Kada ka auna da kwano, taki ba gero ba ne, wani zai ce nasa an shafe baki na wani an yi masa tozo. Kuma wannan guda ɗayan da zai rage, shi ne zai fi ba ka ciwon kai, ka rubuta ka ajiye.

Tsohon Hedimasta:
Wa alaikumus salam ɗana. Na karanta tun ɗazu, na bari sai da na idar da Isha'i.

Abin da ya fara faranta mini rai shi ne da ka ce ba ka nema ba. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, a cikin Kitabul Farƙi, ya kawo ginshiƙan mulki guda biyar, na farkonsu shi ne kada a ba da shugabanci ga mai nemansa. Sauran su ne shawara, da barin kaushi, da adalci, da kyautatawa. Mutane suna karanta wannan su ɗauka da sarakuna da gwamnoni kaɗai ake. A'a. Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya ce dukkanmu makiyaya ne kuma kowa za a tambaye shi abin kiwonsa, har ya ambaci mutum a cikin iyalinsa da mace a gidan mijinta. An kuma ruwaito cewa ko mutum uku ne suka fita tafiya su shugabantar da ɗayansu. Kai kuwa 58 gare ka.

Ka lura da biyar ɗin nan, Kawu ya riga ya gwada ka da uku a zama ɗaya. Adalci, ka san shi. Shawara, ita ce Hajiya ta gaya maka, kada ka yanke kai kaɗai a zauren Kawu. Barin kaushi kuwa shi ne wanda samari irinku suke faɗuwa a kai. Yaro ya gano yana da gaskiya sai ya ɗauke ta kamar kulki ya je ya maka wa dattijo. Ba a ce ka je ka yi wa Kawu wa'azi ba. Ka je da sassafe kafin taro, ka durƙusa yadda ka saba, ka ce Kawu kayan nan ba nawa ba ne, amana ce ka sa aka ba ni, in na ci ta sunanka zai fara ɓaci kafin nawa, don kai ka tsaya mini. In kana da hali, ka ce rabin buhuna na ba ka. Wannan naka ne, kana da ikon kyauta da shi.

Mu nan Gwandu muna da abin tunawa. Malam Abdullahi, ƙanen Shehu, 'yan shekaru kaɗan bayan fara jihadi a 1804, ya ga yadda son duniya ya fara shiga cikin jama'a, ransa ya ɓaci har ya bar runduna ya nufi gabas. A Kano aka tsayar da shi, a can ya rubuta musu Diya'ul Hukkam kan yadda ake riƙon jama'a, daga baya ya dawo. Wato tun wancan lokacin, kuma a cikin mutanen da suka fi mu, rabon abin duniya shi ne wurin da ƙafa take zamewa.

Bakabe:
Allah ya gafarta Malam, wanga duk gaskiya ne, amma ka ce ya ba da rabin buhu nai. Shi kuma shinkafa tai mi za ta ci? Hadisi? Yaro shina da mata da ɗiya biyu. Kullum talaka aka ce ma ya yi haƙuri ya yi adalci, manya na can sun kwashe tirela-tirela.

Tsohon Hedimasta:
Na ce in yana da hali. In babu, ya riƙe abinsa, ba laifi. Kuma ka tausasa harshe kan hadisi, ɗana.

Bakabe:
Na tuba Malam, ba da wata manufa na faɗa ba.

Ɗiyar Zuru:
Ni abin ya tuna mini watanda. Duk ƙarshen azumi a unguwarmu ana haɗa kuɗi a sayi sa. Mahaifina ne yake tsayawa kan rabo shekara da shekaru, Allah ya jiƙansa. Mahauci ya kasa nama kashi-kashi a kan buhunan da aka shimfiɗa, tsoka, ƙashi, kayan ciki, kowane kashi a sa masa. Sai Baba ya sa yaro ƙarami ya juya baya. Ya nuna kashi da sanda ya ce na wa? Yaro ya kira suna bai gani ba. Nasa kuwa ba ya shiga kira, wanda ya rage shi yake ɗauka. Muna yara muna jin haushi, don sau da yawa wanda ya rage ɗin ƙashi ya fi yawa, har Mama ta kan yi mita. Amma ban taɓa jin an yi faɗa a watandar unguwarmu ba, kuma Musulmi da Kirista ne a ciki. Shekarar da ya rasu wani ya karɓa, ya fara cire hanta gefe wai ta masu wahala ce. Shekara biyu aka yi watandar ta rabu gida uku.

Tsohon Hedimasta:
Allah ya jiƙan mahaifinki. Abin da ya yi yana cikin hadisi, cewa mai shayar da mutane shi ne na ƙarshen sha.

Ɗan Kabu-kabu:
Ku zo tasharmu ku ga shugabanci. Ciyaman kullum yana karɓar kuɗin tikiti, wai na taimakon wanda ya yi haɗari. Na faɗi da mashin na karye a hannu, abin da na samu daga ƙungiya shi ne "Allah ya kiyaye gaba". Shi kuwa ya sake mashin sabo fil. In ka ce a kawo littafi a karanta sai a ce ba ka da ladabi.

Na Birni:
Kuna ta zagaye-zagaye a kan buhu biyun Kawu, ba wanda ya tambayi babbar magana. An biya kuɗin buhu 58, an kawo 30. Ina 28? Kun zauna kuna koya wa yaro yadda zai raba yunwa daidai wa daida. Ni a wurina shugaba ba mai iya rabo ba ne kawai, wanda zai iya ɗaga kai ya tambayi na sama da shi ne. Da yawa daga cikin shugabanninmu na ƙasa zakuna ne a kan mabiya, in sun shiga ofis kuma su zama kyanwa. Ɗan Fadama, da aka ba ka 30 me ka ce? Kuma me ka sa wa hannu?

Uwar Adashi:
Wallahi wannan tambaya ce.

Na Birni:
Ya yi shiru. Ɗan Fadama kana nan?

Ɗan Fadama:
Ina nan Yaya. Na rubuta na goge ya fi sau uku.

Gaskiya ita ce takardar da na sa wa hannu 58 aka rubuta. Mutumin da ke kan sito ya ce in sa hannu kawai, sauran suna hanya, in sun iso za a kira ni. Akwai layi a bayana, rana ta take, mai motar da na ɗauko yana ta yi mini hon, mutumin kuma ya haife ni. Na ji nauyin in ce masa a'a. Na sa hannu. Ban gaya wa kowa wannan ba sai yanzu, ko 'yan ƙungiya cewa na yi sauran suna tafe.

Bakabe:
Innalillahi. To kai ma ashe ka riga ka ba wani kawun buhu 28, ka zo kana muna kukan biyu.

Mai Kula da Zaure:
Bakabe a yi a hankali. Mutum ya faɗi gaskiya da kansa, ba a tsare shi ba.

Tsohon Hedimasta:
Maganar Bakabe da zafi amma akwai abin dubawa a ciki. Ɗana, cuta ɗaya ce ta kama ka a wuri biyu, jin nauyi. Kunya ado ce a wurin yaro, amma kunyar da za ta sa ka sa hannu a kan abin da ba ka karɓa ba, ba kunya ba ce, rauni ne. Abu Zarri sahabi ne babba, ya nemi a ba shi aiki, Annabi ya ce masa shi mai rauni ne, ita kuwa amana ce. Ba ƙarancin imani aka ce yana da shi ba. Mutumin kirki daban, mai iya riƙon jama'a daban, sai an haɗa.

Yanzu ka saurare ni. Kafin ka buɗe shagon nan, ka tara su ka gaya musu abin da ka gaya mana, da bakinka, ba ragi. Za su ji zafi, wasu za su zarge ka. Amma in suka ji daga wani bakin, ko suka je ofis aka nuna musu sa hannunka a kan 58, ka zama ɓarawo har abada ko ba ka ci ƙwaya ɗaya ba.

Na Mafara:
Ku bar ni in sa baki daga Zamfara. Mu a Talata Mafara mun san abin da rashin yi wa manomi bayani yake haifarwa. An gama madatsar ruwa ta Bakolori a 1978, aikin da aka ce don manoma aka yi shi. Amma maganar diyya da sake rabon gonaki ta yi ta jan ƙafa, mutane suka rasa noma, alkawari ya bi alkawari. Manoma suka tare hanyoyi, a watan Afrilun 1980 aka turo 'yan sanda, aka rasa rayuka masu yawa. Har yau tsofaffinmu in ana zancen sai su yi shiru. Ba ina kwatanta buhu 28 da wancan ba ne, Allah ya tsare. Abin da nake nufi, manomi yana iya haƙuri da kaɗan, ya saba. Abin da ba ya haƙuri da shi shi ne ya gane ana juya shi.

Na Birni:
Haka ne, amma kada mu wanke mabiya tas. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. A nan Birnin Kebbi Shugaba Buhari ya ƙaddamar da shirin bashin manoman shinkafa na Babban Banki a watan Nuwamban 2015. Wasu sun yi noma sun biya, amma da yawa sun ɗauka rabonsu ne na gwamnati suka ƙi biya, har da waɗanda ko fangali ɗaya ba su da shi. Irin mutanen nan su ne gobe za su fi kowa ɗaga murya a kan Ɗan Fadama. Kuma ina mai tabbatar muku, cikin 58 ɗin nan akwai aƙalla goma da in su ne da makulli da tuni sun kai wa nasu kawun.

Uwar Adashi:
Shi ya sa ba a barin makulli a hannun mutum ɗaya. Ƙanena, ka sa kwaɗo biyu a shagon, ɗaya makullin a hannunka ɗaya a hannun wani dattijo da ba danginka ba. Ba don ba a yarda da kai ba, don ka samu abin faɗa wa Kawu da ire-irensa. "Ba ni kaɗai ke buɗewa ba" ta fi "ba zan ba ka ba" sauƙin fita a baki.

Bakabe:
Wagga dabara ta yi. Ni dai har yanzu ina nan kan bakana, zumunta ba abin wasa ba ce. Ku 'yan Argungu kun fi kowa sanin haka, gaba ta shekara da shekaru tsakanin Kabi da Sakkwato, da ziyara anka kashe ta, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ya zo a 1934 anka yi mai su, wato kamun kifi, a kogin Matan Fada. Shugaba shina gyara zumunci ne, ba ya tsinka shi ba. In za ka hana Kawu, to ka san yadda za ka hana shi.

Tsohon Hedimasta:
A nan kam mun haɗu da kai.

Ɗan Fadama:
Salam. Ga yadda aka yi, tunda kun ce in dawo da labari.

Da asuba na je wurin Kawu. Na faɗa masa kusan yadda Baba Hedimasta ya tsara mini, har na ce rabin buhuna nasa ne. Ya daɗe yana jan carbi bai dube ni ba, sannan ya ce, "Riƙe abinka, ban roƙe ka sadaka ba." Na tashi jiki ba ƙwari.

Da hantsi muka taru a gindin mangwaron makarantar firamare. Kafin a buɗe komai na gaya musu maganar sa hannu. Wuri ya kaure. Wani ya ce na sayar ne, wani ya ce dama an ce kada a ba yaro. Mutum biyu har yanzu sun tsaya a kan sayarwa na yi, ɗayansu abokina ne tun muna kamun kifi da ƙoƙo. Wani tsoho da ban taɓa jin ya yi magana a taro ba ya ce, wanda ya sayar ba ya tara mutane ya gaya musu inda takarda take. Da haka aka ɗan lafa.

An auna da sikeli, kilo 25 kowa, ana kiran suna ana dangwala hannu. Mun fara wajen ƙarfe goma ba mu gama ba sai bayan La'asar, hannuna har yanzu zafi yake don taki. Nawa na ɗauka a ƙarshe. Kawu bai zo ba, yaro ya aiko da buhu, aka auna masa kamar kowa.

Buhun da ya rage kuwa, Malamin Gona ka yi gaskiya, gardamarsa ta fi ta 29 ɗin tsawo. Wasu sun ce a ba liman, wasu sun ce a ba ni ladan wahala, na ce ku rufa mini asiri. A ƙarshe aka sayar wa ɗaya daga cikinmu a gaban kowa, kuɗin ya zama na mota. Ranar Litinin ni da dattawa uku za mu koma wurin mai sito. Hajiya, an sayi kwaɗo na biyu, duk da yanzu ba abin da ke shagon sai sikelin aro.

Da yamma na wuce ta ƙofar gidan Kawu na yi sallama, ya amsa a taƙaice bai ce in zauna ba. Inna ta ce in bar shi tukuna, kada in matsa.

Na Birni:
Ranar Litinin kada ku yarda da "ku dawo jibi" ta baki. Ko kaya, ko kuɗinku, ko ya rubuta a takarda cewa 30 ya bayar ya sa hannu da kwanan wata. Ka ɗauki hoton takardar farko da wayarka kafin a fara magana, ba bayan an fara ba.

Uwar Adashi:
Kuma ku karya kumallo kafin ku tafi, irin wannan zaman yana kai wa Azahar.

Bakabe:
Ku tafi da abokin nan naka mai cewa ka sayar. Ya zauna gaba kusa da direba.